Limfomar sassan haihuwa na mace: Sankarar da ke ɓuya ƙarƙashin lafiyayyar fata

Limfoma nau'i ce ta sankara, wato ciwon daji, wadda ke tasowa daga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne tsaron jiki daga cututtuka, kuma babban mazauninsu shi ne kaluluwa ta wuya da hammata da matsematsi, sai saifa da ɓargo. Wannan ya sa akasarin masu limfoma suke fara ganin kumburi marar zafi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Likitoci sun kasa cutar gida biyu: wadda ke ɗauke da sunan Thomas Hodgkin, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1832, da kuma sauran nau'o'in, waɗanda su ne mafiya yawa.

Da yake limfosait suna yawo ko'ina a jiki, limfoma tana iya faruwa a inda babu kaluluwa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in da ba na Hodgkin ba suna farawa ne a wata gaɓa, galibi a tumbi ko hanji ko fata. Kaɗan ƙwarai daga cikinsu, ƙasa da biyu cikin ɗari, suke farawa a sassan haihuwa na mace. Ma'ajiyar ƙwai ce ta fi kamuwa, sai bakin mahaifa, sannan jikin mahaifar, farji da bakinsa, da bututun da ke kai ƙwai mahaifa. Likitan mata yana iya yin shekaru da dama yana aiki bai gamu da ko guda ɗaya ba. Ƙarancin nata shi ne tushen wahalar gano ta, domin likita yakan fara zargin abin da ya saba gani.

Dalilin da ya sa cutar da ba ta da yawa haka ta cancanci a yi bayaninta shi ne bambancin magani. Sankarar bakin mahaifa ta yau da kullum ana yi mata tiyata ko gashi da na'ura, ta ma'ajiyar ƙwai kuwa ana yi mata babbar tiyata da takan tafi da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Ita limfoma maganinta na asali allurai ne na kemo, kuma tana cikin sankarorin da ake warkewa daga gare su. Idan aka ba ciwon sunan da ba nasa ba, mace mai shekara 25 tana iya rasa mahaifarta a tiyatar da ba ta buƙata, kuma a ɓata makonnin da ya kamata a ce an fara ba ta maganin da zai yi mata aiki.

Alamomin da ke kama da na kowa

Babu wata alama guda da ta keɓanta da wannan cuta. A bakin mahaifa da mahaifa da farji, abin da ya fi kai mata asibiti shi ne zubar jini ba bisa ƙa'ida ba: tsakanin haila da haila, bayan saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada. Wasu na zuwa da fitar ruwa, ciwon mara, zafi lokacin saduwa, ko yawan fitsari saboda ƙari ya danne mafitsara. A ma'ajiyar ƙwai kuwa, kumburin ciki ne da nauyi a mara, wani lokaci ƙarin yakan girma cikin 'yan makonni.

Duk wanda ya san yadda ake jinya a garuruwanmu ya san inda irin waɗannan koke-koke suke fara zuwa. Fitar ruwa da ciwon mara akan ce sanyi ne, a sayi magani a kemis ko a nemi na gargajiya. Kumburi akan ce ƙarin mahaifa ne, wanda ake kira faibroid, kuma a mafi yawan lokuta gaskiya ne, domin shi ne ƙari mafi yawa a jikin matan Afirka. Idan likita ya ga jini da ƙari a bakin mahaifa, zarginsa na farko sankarar bakin mahaifa ce, kuma yana da hujja: ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan sankarar mama, inda ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna sabbin kamuwa kusan 12,000 da mace-mace kusan 8,000.

Akwai alamomi uku da aka san limfoma da su: zazzabi da ya haura maki 38 ba tare da sanadi ba, gumin dare mai jiƙa tufafi, da ramar da ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jiki a wata shida. Sai dai a limfomar da ta fara a bakin mahaifa ba a cika ganin su ba. Idan ma an gan su, a ƙasa kamar tamu tunani yakan koma ga tarin fuka, wanda shi ma yana kama bututun ƙwai da mahaifa, yana tara ruwa a ciki, yana ramar da mutum.

Abin da ya sa gwajin bakin mahaifa ba ya kama ta

A nan ne ya kamata a tsaya, domin mata da yawa, musamman ma'aikata da suka saba zuwa gwaji, suna ɗaukar kyakkyawan sakamakon gwajin bakin mahaifa a matsayin wanke kai daga kowace sankara.

Gwajin da ake kira Pap, wanda ya samo sunansa daga George Papanicolaou, masanin da ya yaɗa shi a Amurka a shekarun 1940, yana kankaro ƙwayoyin da ke saman fatar bakin mahaifa ne kawai. Sankarar da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa daga wannan fatar take farawa, shi ya sa gwajin yake kama ta tun kafin ta zama ciwo. Haka ma gwajin da ake shafa ruwan tsami na binega a duba ko wurin zai yi fari, saman fatar yake dubawa. Limfoma kuwa tana tasowa ne daga cikin naman da ke ƙarƙashin fatar. Tana iya cika bakin mahaifa, ta kumbura shi ya yi fāɗi kamar ganga, alhali fatar da ke lulluɓe da shi tana nan sumul, babu gyambo. Sai a kankaro lafiyayyun ƙwayoyi daga saman ciwo, sakamako ya fito babu komai, ko ya nuna kumburi na yau da kullum. Gwajin HPV ma ba zai nuna ta ba, domin ba wannan ƙwayar cutar ke kawo ta ba. Allurar rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 kariya ce babba daga sankarar bakin mahaifa, amma ba ta shafi limfoma ba.

Ƙa'idar da likitocin mata suke bi ita ce, gwajin Pap na mai lafiya ne. Macen da ke zubar da jini, ko aka ji bakin mahaifarta ya yi girma da tauri, abin da take buƙata shi ne a yanki tsoka a bincika, ko da sakamakon Pap ɗinta ya yi kyau.

Yankar tsokar ma tana da sharaɗi. Ɗan tsakuren da ake yi da ƙaramin hantsaki a ɗakin duba marasa lafiya sau da yawa ba ya wuce saman fata. Ga kuma wata matsala: ƙwayoyin limfoma suna da laushi, ƙarfe yana murƙushe su, su zama shuɗin tabo da ba a iya karanta shi a madubin likita. Ba abin mamaki ba ne a yi yanka biyu ko uku kafin a sami amsa, kuma rahotannin da likitoci suka wallafa kan wannan cuta cike suke da irin wannan jinkiri. Abin da ke warware matsalar shi ne yanka mai zurfi, ko a yanko wani yanki na bakin mahaifa mai siffar mazurari, ko a yi amfani da allura mai kauri da ke ciro zaren tsoka ana kallon hoton sikanin. Siririyar allura mai zuƙo ruwa kawai ba ta isa a tantance nau'in limfoma ba, domin mai bincike yana buƙatar ganin yadda ƙwayoyin suka jeru a cikin nama.

Hotuna suna taimakawa wajen tayar da zargi. A hoton MRI, limfomar bakin mahaifa takan fito a matsayin babban ƙari mai kama ɗaya daga gefe zuwa gefe, fatar ciki kuma ba ta lalace ba. A ma'ajiyar ƙwai takan zama daskararren ƙari, sau da yawa a ɓangarorin biyu. Amma hoto ba ya ba ciwo suna. Gwajin jini na CA-125, wanda ake dangantawa da sankarar ma'ajiyar ƙwai, yana hawa a limfoma, yana hawa a tarin fukan ciki, har ma a faibroid. Sinadarin LDH idan ya hau sosai a jinin yarinya mai daskararren ƙari yana sa a yi tunanin limfoma, sai dai wani ƙarin 'yan mata mai suna disjaminoma shi ma yana ɗaga shi.

A ɗakin binciken tsoka

Hukunci na ƙarshe yana hannun likitan binciken tsoka, wanda mara lafiya ba ta cika ganin fuskarsa ba. Da rinin da aka saba amfani da shi, limfoma tana bayyana a matsayin tarin ƙwayoyi masu shuɗin ciki, zagayayyu, marasa manne wa juna. Ciwuka da dama suna da wannan kama: sankarar ƙananan ƙwayoyi ta bakin mahaifa, sankarar da ta rikiɗe har ba a gane asalinta, disjaminoma, ƙarin ƙwayoyin giranulosa na ma'ajiyar ƙwai, da dunƙulen sankarar jini da ke fitowa a nama. A bakin mahaifa ma, limfoma takan zo da tabo mai tauri da ke matse ƙwayoyinta su yi tsawo, har a ɗauka sankarar tsoka ce.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren. A 1985 wasu masana uku na birnin Boston a Amurka, Robert Young da Nancy Harris da Robert Scully, sun bayyana wani irin kumburi na bakin mahaifa da ke kama da limfoma a madubi alhali ba sankara ba ne. Shi yana zama a sama-sama, yana tare da gyambo, kuma ƙwayoyinsa gauraye ne iri-iri, saɓanin limfoma da ke nutsewa ciki da ƙwayoyi iri ɗaya. Wadda aka ba wa kemo a kan irin wannan kumburi ta sha wahalar banza.

Abin da ke raba gardama shi ne rini na musamman da ke gano alamomin da kowace ƙwaya ke ɗauke da su a jikinta, tamkar tsagar gado a fuska. Idan ƙwayoyin suka kama rinin CD45, daga dangin fararen ƙwayoyin jini suke. Idan suka kama na saitokeratin, sankarar fata ce ta yau da kullum. CD20 yana nuna limfosait na rukunin B, CD3 na rukunin T. Rinin Ki-67 yana auna yawan ƙwayoyin da ke cikin rabuwa, wato saurin girman ciwon. Da waɗannan da wasu kaɗan ake sanya cutar a gurbinta cikin jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar da bugunsa na biyar a 2022. Mafi yawan limfomar sassan haihuwa daga rukunin B suke, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne mai manyan ƙwayoyi da ke bazuwa cikin nama, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DLBCL. Akwai kuma nau'o'i masu tafiyar hawainiya, kamar folikula, da kuma na Burkitt, wanda ya fi kowanne sauri.

Wannan rinin yana da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Amma rahoton da ya tsaya a kan cewa "sankara ce da ba a gane asalinta ba" rahoto ne da bai kammala ba, kuma kuɗin rinin bai kai na tiyatar da aka yi bisa kuskure ba.

Limfomar Burkitt da 'yan matan yankinmu

A Turai da Amurka limfomar ma'ajiyar ƙwai baƙuwa ce. A yankin Afirka mai zafi da damina akwai nau'i guda da ba baƙo ba. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Uganda, ya wallafa bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga baya aka gane limfoma ce, aka kuma lura cewa yaɗuwarta tana bin yankunan da zazzabin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr a cikin ƙwayoyin wannan ƙari a London. Najeriya tana da hannu a tarihin maganinta: Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda nuna cewa allurai suna warkar da ita.

Har yanzu tana cikin sankarorin da suka fi kama yara a Arewacin Najeriya. An fi saninta da kumburin fuska, amma a 'yan mata takan sauka a ma'ajiyar ƙwai, sau da yawa duka biyun, fuska kuma lafiya lau. Ƙwayoyinta suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, abin da ya sa cikin yarinya yake tasowa cikin makonni kaɗan. Ba sai an faɗi irin zargin da kan biyo bayan yarinya 'yar shekara 13 da cikinta ya taso ba; gwajin fitsari da sikanin suna kawar da shi cikin awa guda, kuma wannan awar tana da daraja a cutar da ke gudu haka. A madubi, nau'in Burkitt yana da siffar da masana ke kwatantawa da sararin sama mai taurari, rinin Ki-67 yakan kama kusan dukkan ƙwayoyin, kuma a can ciki akwai sauyin wuri na ƙwayar gado mai suna MYC, galibi tsakanin kuromosom na 8 da na 14.

Idan likitan tiyata ya buɗe cikin yarinya ko matashiya ya tarar da daskararren ƙari fari mai laushi a ɓangarorin biyu, hikima ita ce ya ɗebi abin da zai isa bincike ya dakata. A asibitin da ake iya daskarar da tsoka a duba ta nan take, ana samun amsar farko mara lafiya tana kan gadon tiyata. Inda babu wannan, jiran sakamako na kwanaki ya fi cire abin da ba a iya mayarwa.

A nan ta fara, ko daga wani wuri ta zo?

Bayan an tabbatar limfoma ce, tambaya ta gaba ita ce iyakar inda ta kai. Limfomar da ta fara a kaluluwa ta gangaro sassan haihuwa ta fi wadda ta fara a can yawa nesa ba kusa ba. A 1988 Harold Fox na Manchester da abokan aikinsa suka gindaya sharuɗɗan da ake yawan ambata kafin a ce ta ma'ajiyar ƙwai ce ta asali: ciwon ya tsaya a wurin lokacin da aka gano shi, babu ƙwayoyinsa a jini da ɓargo, kuma idan ya bayyana a wani wuri, ya kasance bayan watanni.

Ana auna matakinta da ma'aunin limfoma, wato tsarin Ann Arbor na 1971 da gyaran Lugano na 2014, daga mataki na ɗaya zuwa na huɗu, tare da harafin E idan a wajen kaluluwa ta fara.  Hoton PET-CT ne ya fi nuna yaɗuwarta. Inda babu shi akan yi CT na ƙirji da ciki da mara, a kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu. Wajibi ne a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin tana ƙara haɗarin limfoma kuma tana sauya tsarin jinya, da gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu kuma maganin rituximab yana iya tayar da shi daga barci.

Ga nau'in DLBCL, maganin da aka saba shi ne haɗin da ake kira R-CHOP, zagaye shida galibi, kowane bayan kwana 21, wani lokaci a ƙara da gashi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na masu wannan nau'in suna warkewa da shi, kuma waɗanda aka gano tasu a matakin farko sun fi haka. Nau'in Burkitt yana buƙatar allurai masu ƙarfi a jere, da ruwa mai yawa don kare ƙoda lokacin da ƙarin ke narkewa. Kemo yana iya raunana ma'ajiyar ƙwai, musamman ga wadda shekarunta suka ja, gashin mara kuma ya fi shi illa ga haihuwa, amma akwai matan da suka yi ciki suka haihu bayan jinya da mahaifarsu a jikinsu. Maganar haihuwa kafin zagayen farko ake yin ta.

Abubuwan da ke ɓata bincike tun daga gida

Magungunan sitiroyid, irin su dexamethasone da prednisolone, suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Ana sayar da su a kemis ba tare da takardar likita ba, suna cikin haɗe-haɗen maganin ciwon jiki, wasu matan kuma suna shan su don yin ƙiba. Wadda ta sha su kafin yanka tana iya jin sauƙi, ƙarin ya ragu, a yanko tsoka a tarar da matattun ƙwayoyi kawai, bayan makonni ciwon ya dawo. Duk abin da mara lafiya ta sha, har na gargajiya, ya kamata likita ya ji shi kafin ranar yanka.

Sai kuma makomar abin da aka ciro. A wurare da yawa akan miƙa wa dangi ƙarin da aka cire a roba, su tafi da shi gida su binne, musamman idan an ce faibroid ne. Duk tsokar da ta fito daga jikin mutum a tiyata, ɗakin bincike ya kamata ta je. A saka ta nan da nan a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi goma cikin ɗari, wanda yawansa ya ninka girman tsokar kamar sau goma. Ruwan gishiri ko sifirit ko firiza suna lalata alamomin da rini ke nema, haka ma barin ta a buɗe na sa'o'i a zafin Kano ko Sakkwato. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, duk suna da sashen binciken tsoka.

Bayan bincike, ɗakin gwaji yana adana tsokar cikin ɗan dunƙulen kaki mai lamba, wanda ke yin shekaru bai lalace ba. Mara lafiya ko danginta suna iya neman a aika wannan dunƙule zuwa wata cibiya don a yi masa rini na musamman ko wani masani ya sake dubawa, ba tare da an sake yi mata yanka ba. Lambar tana rubuce a saman takardar sakamako, kuma da ita ake nemo shi.